Zan je Landan kwana tara, a ina ake samun faifan kiɗan rawa?

Ɗan_Tudun_Wada:

Salamu alaikum jama'a. Dan Allah waɗanda suka san Landan ku taimaka min da shawara. In Allah ya kai mu wata mai kamawa zan raka Hajiyarmu bikin gama karatun ƙanwata, biza ta fito alhamdulillah, kwana tara za mu yi amma a lissafina kwana biyu ne kacal nawa na kaina, sauran duk rakiya ce da riƙon jaka da zuwa gaishe da 'yan uwan da ban taɓa gani ba.

Ni DJ ne a nan Kaduna, biki, kamu, dina, suna, duk ina yi, da kwamfuta da filas kamar kowa. To bara da muke kwashe kayan marigayi Babanmu sai ga garmaho ɗinsa Technics a ƙarƙashin gado an naɗe shi da tsohon bargo, da kwali guda na faya-fayai sun kai arba'in, disko, hailaif, Fela, har da Bala Miller. Na kai aka share shi aka sa masa allura, ranar da na fara kunnawa wallahi sai da na yi shiru, ban san haka kiɗa yake da nauyi ba. Tun daga nan abin ya zame min ciwo, har na sa aka nemo min na biyu na gwanjo a Legas dan in riƙa haɗa faifai biyu.

Abin da nake nema kiɗan rawa ne, hawus, disko, tekno irin na Detroit, da gareji na 'yan Ingila in an samu, sai kuma bugi na Najeriya na shekarun 1980. Fam 300 na ware, in na ƙara ko kwabo Hajiya za ta gane. Wace unguwa zan nufa? Suna bari mutum ya saurara kafin ya biya ko sai dai a sayi kifi a ruwa? Na gwanjo kuma ya ake gane mai lafiya? Sannan ya zan taho da su kar su farfashe a jirgi. Na gode, Allah ya bar zumunci.

Bakano_a_Peckham:

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya jiƙan Baba, Allah ya kawo ku lafiya. Ka zo gidan sauƙi, na fi shekara goma a garin nan kuma rabin albashina a shagunan nan ya ƙare, uwargida ba ta karanta zauren nan shi ya sa na faɗa.

Rana ta farko kar ka je ko'ina sai unguwar Soho. Ka sauka a tashar Oxford Circus ko Tottenham Court Road, duk wadda ta fi maka kusa, daga nan ƙafa ce, minti biyar zuwa goma. Ka fara da Phonica a titin Poland, lamba 51. Tun 2003 suke wurin kuma su kiɗan rawa shi ne sana'arsu, ba wai sashe ɗaya aka ware masa a lungu ba, hawus, tekno, disko, gareji, duk sabon abin da ya fito a satin za ka gan shi jere a bango. Akwai garmaho da hedfon a jere dan masu saye, ka ɗebo abin da ka ɗebo ka tsaya ka saurara babu mai hararar ka. Abin da zan ce maka kawai, kar ka ɗebo talatin ka kafa sansani mutane na jira a bayanka, ɗauki biyar ko shida, in ka gama ka mayar ka sake ɗebowa. Kuma kar kunya ta hana ka magana da yaran kanta, ka ce musu ga irin abin da nake so, ko ka kunna musu a waya, za su zaro maka abin da ko shekara ka yi kana lalube ba za ka gano ba. Nan ne amfanin zuwa da kai ya fi aike, in dai danna waya ne ai daga Kaduna ma za ka iya.

Daga nan ka gangara titin Broadwick, lamba 7, Sounds of the Universe. Shagon kamfanin Soul Jazz ne, ƙarami ne amma a cike yake, rege, dob, disko, fonk, kiɗan Latin, na Afirka, da hawus ɗin ma. Ka sauka ƙasa kar ka tsaya a sama kawai. Kana fitowa ka sha kwana sai titin Berwick, nan Reckless yake, su gwanjo zalla suke sayarwa tun 1984, da Sister Ray ɗan gaba kaɗan. Duka huɗun nan in ba tsayawa za ka yi ba minti goma ka zagaye su, amma za ka tsaya, ka ɗauka yinin ya tafi. A titin Berwick ɗin akwai ɗan masallaci da masu abinci a bakin titi da rana, so azahar da la'asar ba sai ka yi nisa ba.

Kar ka yi sammako irin namu fa, ba Kantin Kwari ba ne, ƙarfe takwas ka je ƙofa za ka tarar a rufe. Sai hantsi ya dubi ludayi suke buɗewa, Lahadi kuwa sai wajen tsakar rana.

Rana ta biyu ni dai yamma zan ce ka yi, Honest Jon's a titin Portobello, lamba 278, ka sauka tashar Ladbroke Grove. Sun fara tun 1974, jaz da rege da sol aka san su da shi amma suna da tekno mai kyau sosai, irin mai zurfin nan na Berlin da Detroit, kuma su da kansu suna buga faifai, har Tony Allen mai gangar Fela sun yi aiki da shi. In ka samu ta faɗo Asabar, ranar kasuwar Portobello ke ci, akwai masu tebur da kwalayen faifai, sai dai cunkoso kamar ana rabon zakka, ka riƙe wayarka da kyau. In ka bi titin har ƙarshensa ka fita Notting Hill Gate akwai Music and Video Exchange, gwanjo ne, nan ake tsintar dami a kala in mutum na da haƙurin tsugunno.

Za a ce maka ka je Rough Trade East a Brick Lane. Wuri ne babba mai kyau, ana shan kofi, ana ɗaukar hoto, amma ƙarfinsu a kiɗan jita yake, kai da ke da kwana biyu da fam 300 ban ga abin da zai kai ka ba. Sai dai in Hajiya na son ganin masallacin Brick Lane, wanda ginin coci ne tun 1743, ya koma wurin ibadar Yahudawa, ya zama masallaci a 1976, to ka ga sai ka jefi tsuntsu biyu, ka ce rakiya ka yi.

Kuɗi kuwa, sabon faifai mai inci 12 ni dai abin da nake biya yanzu yana kai wa fam 12 zuwa 15, cikakken albam sabo ya ninka haka. Kwalayen da ke ƙasa a shagunan gwanjo kuma akwai na fam ɗaya, fam biyu. Ba a ciniki a cikin shago, abin da aka liƙa shi ne, a teburin kasuwa ne za ka iya cewa a rage in ka haɗa da yawa. Kuma ka zo da katin banki mai aiki ko ka sayi Oyster, katin biyan kuɗin bas da jirgin ƙasa, bas ɗin Landan tun 2014 ba ya karɓar tsabar kuɗi.

Maman_Ilham:

Hhhh Ɗan Tudun Wada, ni tambaya ɗaya gare ni kafin a zo maganar jirgi. Tekno ɗin Detroit ɗin nan wa za ka sa wa? Ranar kamu ka kunna wa gwaggonnin amarya dum dum dum minti takwas babu baiti ko ɗaya, babu mai kiran sunan uwar biki, wallahi da garmahon za a haɗa ka a fitar. In na ɗakinka ne to, Allah ya sa albarka, amma ka faɗa wa kanka gaskiya tun yanzu dan shi zai nuna maka abin da za ka saya.

Ni ba ruwana da faifai, maigidan ne mai wannan cutar, ni ce dai mai shirya akwati shi ya sa na haddace. Faifai ɗaya da kwalinsa ka ɗauka kusan giram 200 ne zuwa 250, wasu ma masu kauri ne da ake rubuta giram 180 a jiki tun kafin a sa kwali. Kuɗinka in duk sababbi ka saya bai wuce guda 25 ba, kilo biyar zuwa shida kenan, ba laifi. Matsalar in ka faɗa kwalayen fam ɗaya ɗin da Bakano yake zuga ka, sai ka farka da guda 80 kilo kusan ashirin, akwatin kuma kilo 23 aka yarda, kuma ka san Hajiya ta riga ta raba kilonka ga tsarabar jikoki tun kafin ku tashi.

Ka sa su a jakar hannu su shiga jirgi tare da kai. Mu sau ɗaya muka sa a babban akwati a tsakiyar kaya, da muka iso gefen kwalayen duk sun lotse, biyu sun tsage, mutumin nan kwana uku ba ya cin abinci da daɗi. Ka duba kilon jakar hannu da kamfanin jirginku ya yarda da shi tun kana gida dan ba ɗaya ba ne. Ka jera su a tsaye a matse da juna, ka sa kwali mai tauri gaba da baya, in ka roƙa a shago suna ba da irin wanda suke aika saƙo da shi.

Sannan kar wani ya ruɗe ka cewa za a mayar maka da harajin kaya a filin jirgi, an daina wannan a Ingila tun farkon 2021. Kashi 20 ɗin nan yana cikin kuɗin kuma ya tafi kenan.

Babban abokin gabarka ma ba jirgi ba ne, rana ce. Faifai roba ce. Ka bar shi a but ɗin mota daga Abuja zuwa Kaduna da rana tsaka, ko a bayan kujera inda rana ke dukan gilas, ka iso ka tarar ya zama kamar faranti an zauna a kai. Riƙe jakar a ƙafarka.

Baba_Garmaho:

Assalamu alaikum. Ɗana, Allah ya gafarta wa mahaifinka, mutumin da ya naɗe Technics da bargo ya san darajar abu. Ni na yi aikin gidan rediyo shekaru masu yawa kafin in yi ritaya, faifai ya ratsa hannuna ba adadi, jikata ce ke buga min wannan ina faɗa mata, in an ga kuskure nata ne.

Farko ka bambance abu biyu da yaran yanzu ke haɗawa. Garmaho na asali, mai wani da hannu da allurar ƙarfe, faifansa daban ne, mai nauyi, gudu 78, in ya faɗi ya tarwatse kamar tangaram. Wanda kake nema roba ne, gudu 33 ko 45. In ka kuskura ka ɗora na roba a kan mai allurar ƙarfe, sau ɗaya ya isa, ka kashe shi. Na faɗa ne don na ga wanda ya yi.

Shi kuma faifan rawa mai inci 12 da Bakano ke magana, ka san dalilin da ya sa ka yi shiru ranar da ka kunna? Albam ana cusa masa waƙa huɗu ko biyar a fuska ɗaya, wajen minti ashirin, dole a matse layukan. Shi wannan waƙa ɗaya ce ko biyu a fuskar gaba ɗaya, layin ya samu fili ya baje, sai ƙara ta fi, ganga ta fi nauyi. Masu disko na New York suka fito da dabarar wajen 1975 zuwa 1976, kuma a kanta hawus na Chicago da tekno na Detroit suka taso. Saboda haka in ka ga waƙa ɗaya a albam da kuma a inci 12, kai mai sa wa mutane su taka, ɗauki inci 12. Kuma ka lura da gudu, wasu 45 ne wasu 33, ba kullum ake rubutawa ba.

Maganar gwanjo. Hausawa sun ce gani ya kori ji, to a wannan kasuwar ji ne ya kori gani. Na ga faifai yana sheƙi kamar sabon kwano, ka ɗora allura sai soye-soye kamar ana tuyar ƙosai, saboda an ci shi da mugunyar allura ta cinye cikin layin, ido ba ya ganin wannan. Na kuma ga wanda duk jikinsa zane ne amma yana tafiya sumul. Wasu ma daga masana'anta suka fito da ciwonsu, kamfanonin hawus na Chicago na farko akwai waɗanda suka riƙa narka tsoffin faya-fayai suna buga sabo, sabo fil yana tas-tas. Duk da haka ka duba. Zaro shi daga kwali, ka riƙe baki da tsakiya, kar yatsa ya taɓa layi. Karkata shi wajen fitila. Zanen da ka gani, shafa shi a hankali da bayan farce, in farce bai ji ba yawanci allura ma za ta wuce, in farce ya maƙale to za ka ji shi duk zagaye. Zanen da ya bi layi a kwance ya fi wanda ya ratsa mugunta, shi ke sa tsalle ko ya riƙa maimaita wuri ɗaya. Sannan ɗaga shi daidai ido ka ga ko ya lanƙwashe. In ka ɗora, saurari farkon waƙa da wurin da kiɗa ya yi sanyi, nan ƙazanta ke fitowa, ba inda ganga ke rufe komai ba. Za ka ga suna liƙa haruffa, NM kusan sabo kenan, VG+ ya sha hannu amma lafiya, VG za ka ji 'yar ƙara, in ka ga G, wato good, kar sunan ya ruɗe ka, ajiye musu kayansu.

Yanzu abin da ke ci min rai. Ka ce kana neman bugi na Najeriya a Landan. Ɗana, kayan nan a nan aka buga su. EMI na Legas, Afrodisia na kamfanin Decca, Tabansi, shi mawaƙi William Onyeabor ma a Enugu yake da injin buga faifai nasa na kansa. Har Shata da Ɗan Maraya an sa a faifai. Da kaset ya shigo muka watsar, na ga faya-fayai an rufe tulu da su, na ga yara na gara su a layi, na ga an zuba a buhu an bar wa ruwan sama. Turawa suka zo suka bi gida gida da shagunan da suka mutu suna saye da kuɗin goro, yau ga shi ɗanmu zai hau jirgi ya sayo da fam. Ban ce sun yi laifi ba, da ba su kwasa ba da gara ta cinye kwalin rana ta narka sauran. Onyeabor sai da wani kamfanin Amurka, Luaka Bop, ya sake fitar da shi a 2013 sannan yaranmu da yawa suka san da shi, ya rasu a 2017.

Shawarata, na asali kar ka ko taya, wani guda ɗaya zai cinye kuɗinka duka. Nemi sabon bugu, kamfanoni irin su Soundway da Strut sun tattaro da yawa sun sake bugawa da tsabta, guda biyu sun ishe ka. Sannan in ka dawo ka bi gidajen abokan mahaifinka ka gaishe su, ka tambayi abin da ke ƙarƙashin gado. Kuma kwalin nan naka mai arba'in, kar ka sayar wa kowa ko guda sai ka san abin da ke ciki. Bala Miller ɗin nan musamman, mu mun ga wasansa da idonmu a Kaduna, riƙe shi.

Ɗan_Tudun_Wada:

Kai jama'a na gode ƙwarai. Baba Allah ya ƙara girma da lafiya, a gaida mai buga rubutu, wallahi da na karanta maganar farce sai da na tashi na zaro na Babanmu ina gwadawa ɗaya bayan ɗaya har ƙarfe ɗayan dare.

Anti kin kama ni hhhh. Gaskiya ba na biki ba ne, biki filas ɗina ya ishe shi. Akwai 'yan abokai da muke haɗuwa ƙarshen wata a wani ɗan lambu, ba mu fi mu talatin ba, su nake so in sa wa. Amma kin sa na sake lissafi, tekno zan rage, in ƙara disko da hawus mai murya dan su ne na ga suna tayar da mutane daga kujera, ko matan abokaina in na sa diskon Babanmu sai ka ga kafaɗa ta fara motsi.

Yaya Bakano saura abu biyu, allura fa, in saya a can? Wadda aka sa min ban yarda da ita ba. Kuma wani ya ce min in duba Discogs, shafin intanet na bayanan faya-fayai da farashinsu, kafin in biya komai, haka ne?

Na_Yamai_227:

Sannunku da hira. Ni Landan ban taɓa zuwa ba, Paris nike zuwa sayen kaya, can ma akwai wurare, Superfly da Betino's, sai Syncrophone da ke wajen Bastille, sai dai bizar Ingila ba ta shiga Faransa, kar ka ji an ce jirgin ƙasa awa biyu da 'yan mintoci ne ka ɗauka za ka leƙa ka dawo.

Abin da ya sa na sa baki, maganar Baba ta taɓa ni. Mu nan muna da Mamman Sani, mai organ, duk wanda ya tashi a Nijar ya san sautinshi a rediyo da talabijin tsakanin shirye-shirye ko da bai san sunan mai shi ba. A 1978 ya ɗauki kiɗan, kaset ne kaɗan aka yi, sai a 2013 Sahel Sounds na Amurka suka buga shi a faifai. Ranar da na gan shi a shago a Paris an sa shi sashe guda da masu kiɗan lantarki na Turai, walla na daɗe tsaye riƙe da shi. Ba na tsalle-tsalle ba ne, mai sanyi ne, amma in ka gan shi ka ɗauka, farkon dare kafin mutane su cika ya dace.

Kuma ka kula da kuran, wato wutar lantarki. In da janareto za ku yi a lambun, ka sa abin daidaita wuta tsakani, ni haka miksa ta ta tahi.

Bakano_a_Peckham:

Allura ka saya a nan, ƙwarai ma, ka sayi biyu iri ɗaya tunda garmaho biyu gare ka, in da hali da ta ajiya, dan ranar da ta karye a Kaduna sai ka jira mai zuwa. Ka ɗauki hoton kan allurar da ke jiki yanzu ka nuna musu, ko ka kwance kan gaba ɗaya ka sa a aljihu, a Technics murɗawa ɗaya ne ya fita. Ka ce ta DJ kake so, irin su Ortofon ko Audio-Technica, dan ita ke jure ja da baya, ta masu saurare a falo laushi gare ta. Amma ka sani za ta ci wani abu a fam 300 ɗin nan, ka cire kuɗinta tukuna kafin ka shiga Phonica in ba haka ba wallahi ba za ta rage ba. Ka haɗa da burushin share faifai da rigunan ciki masu santsi, ƙurar hunturu in ta shiga layi ta haɗu da allura yashi ne kawai ake gogawa. Wuta kuwa ba ka da damuwa, tamu da ta gida duk 230 ce kuma bakin soket iri ɗaya, kayan Amurka ne masu 120 ke ƙonewa.

Discogs eh, sa shi a waya. Tun 2000 aka buɗe shi kuma da kiɗan lantarki ma ya fara, so irin kayanka babu abin da babu. Ka duba lambar da ke gefen kwali, ko wadda aka karce a fili kusa da tambarin tsakiya, ita za ta gaya maka bugun farko ne ko maimai. Amfaninsa a teburin kasuwa ne inda ba wurin saurare kuma mai kaya zai iya ce maka wannan ba a samunsa. Ni an taɓa yi min haka a wani tebur, na biya fam 25 ina murna, na zo gida na ga ana sayar da shi fam huɗu, ga shi kuma yana tsalle a tsakiya. Amma dan Allah kar ka tsaya gaban mai shago kana duba kowane faifai a waya kana nuna masa wani a Jamus ya fi shi araha, na Jamus ɗin sai ka biya kuɗin aike kuma ba ka ji shi ba. Za ka ga wasu farin tambari ne babu suna babu komai sai ɗan rubutun biro, musamman a gareji da jongul, kar ka raina su, ɗora ka ji.

Wace rana za ku sauka? In Asabar ɗin ta faɗo cikin kwana biyunka ina hutu, sai mu haɗu a Ladbroke Grove bayan azahar, akwai masallacin Al-Manaar nan kusa. Ka turo min saƙo ta ciki. Kuma ka taho min da kilishi, a'a tsaya, nama ba ya shiga Ingila za su ƙwace a filin jirgi, yaji kawai ka kawo.

Maman_Ilham:

Bakano kai da za ka hana shi kashe kuɗi kai ne za ka raka shi, shi kenan fam 300 Allah ya jiƙan rai. Ɗan Tudun Wada ka bar wa Hajiya kuɗin tasi a hannunta tun kafin ka fita.

Ɗan_Tudun_Wada:

Hhhh Anti an gama, zan damƙa mata har da fasfo. Yaya Laraba za mu sauka, bikin Juma'a ne, Asabar ɗin tawa ce, na tura maka saƙo. Yaji na daddawa ko na kuli?